Kwangilar gwamnatin tarayya a Amurka: shin sai da lasisin jiha?

Wani ɗan'uwanmu da ke zaune a Hiyustan, a jihar Teksas, ya turo tambaya. Yana da ɗan ƙaramin kamfanin rufi da gyaran gine-gine, ya yi shekaru yana aiki ba tare da lasisin jiha ba, tunda Teksas ba ta neman lasisi ga mai rufi. Yanzu ya ga tallar kwangila a SAM.gov, shafin intanet na kwangilolin gwamnatin tarayya, ta sake rufin wani ginin ma'aikatar tsofaffin sojoji a Kalifoniya. A lokaci guda kuma wani babban kamfani ya ce zai yanka masa wani sashe na aikin wata ƙaramar hukuma a can Kalifoniyar, aikin da aka ce da kuɗin tarayya ake yin sa. Wani ya ce masa aikin tarayya ba ruwansa da lasisin jiha, wani kuma ya ce ko ƙusa ya buga a Kalifoniya ba lasisi sai ya kwana a hannun hukuma. Yana so ya san wanne ne gaskiya.

Malam, mutanen nan biyu kowa ya faɗi gaskiya, sai dai kowa da aikin da yake magana a kai. Ayyuka biyu ka kawo mini, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Abin da ke raba su shi ne wanda ya sa hannu a takardar kwangilar, ba wanda ya fitar da kuɗin ba.

Bari mu fara da na farkon, inda gwamnatin tarayya da kanta ce mai aikin. A nan an daɗe da yanke magana. A watan Mayun 1954 wani kamfani mai suna Leslie Miller ya shiga takarar wani aikin gini a sansanin mayaƙan sama da ke jihar Akansas. Ya yi nasara, ya fara aiki, sai jihar ta gurfanar da shi cewa ya nemi kwangila, ya sa hannu, ya kuma kama aiki, duk ba lasisin hukumarta ta 'yan kwangila. Kotunan jihar suka same shi da laifi. Da maganar ta kai Kotun Ƙolin Amurka, a watan Disambar 1956 ta soke hukuncin. Dalilinta shi ne dokar sayen kayan soja ta 1947 ta riga ta ɗora wa jami'an tarayya nauyin zaɓar mai neman kwangilar da ya cancanta, wanda tayinsa ya fi amfani ga gwamnati. Abubuwan da hukumar lasisin Akansas take dubawa, wato ƙwarewa da hali da ƙarfin aljihu da kayan aiki, kusan su ne abubuwan da jami'in tarayya ya riga ya duba. In aka bar jiha ta sake auna mutumin, to an ba ta damar ta ce wa tarayya wanda kuka zaɓa bai yi mana ba. Sashe na shida na tsarin mulkin Amurka kuwa ya ɗora dokar tarayya a kan ta jiha duk inda suka yi karo.

Akwai wani abu a shari'ar nan da mutane ke wucewa ba su lura ba. Filin da sansanin yake, tarayya ba ta karɓi ikon shari'a a kansa ba a lokacin, wato dokar Akansas na aiki a wurin kamar ko'ina a jihar. Duk da haka kamfanin ya yi nasara. Don haka zancen da ake yi cewa kariyar ta samo asali ne daga kasancewar wurin ƙasar tarayya ce ba daidai ba ne. Kwangilar ce tushen kariyar, ba filin ba.

Kotun ta dogara ne da wata tsohuwar shari'a ta 1920, ta wani direban motar gidan waya da jihar Merilan ta kama yana tuƙi ba lasisinta. Alƙali Holmes ne ya rubuta hukuncin, ya kuma ja layin da har yau ake bi. Ma'aikacin tarayya ba ya fi ƙarfin ƙa'idojin yau da kullum ba ne, kamar yadda ake shan kwana a titi. Abin da jiha ba za ta yi ba shi ne ta ce ya dakata da aikinsa har sai ya zauna jarrabawarta ta gamsu ya iya. Ka riƙe wannan bambancin, domin shi zai nuna maka abin da ka tsira daga gare shi da wanda yake nan yana jiran ka.

Yanzu ga inda mutane ke rikicewa. In ka buɗe takardun tandar za ka tarar da wani sharaɗi daga kundin ƙa'idojin sayayya na tarayya, wanda ake kira FAR, mai lamba 52.236-7. Yana cewa ɗan kwangila ne zai nemo duk lasisi da izinin da suka wajaba da kuɗinsa, ya kuma bi dokokin tarayya da na jiha da na gari da suka shafi aikin. Wanda ya karanta wannan zai ce ai magana ta ƙare, tarayya da bakinta ta ce a je a yi lasisi. Kalifoniya ma haka ta fahimta. Ta ci tarar wani kamfani mai suna Gartrell da ke yi wa rundunar ruwa aiki a sansanin El Toro, ta kafa hujja da wannan sharaɗin. A 1991 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shiyya ta Tara, wadda Kalifoniya ke ƙarƙashinta, ta ce a'a. Lasisin da ya wajaba shi sharaɗin yake nufi, na 'yan kwangila kuwa bai wajaba a kan mai aikin tarayya ba tun hukuncin 1956. Jihar ta kuma ce ai ba ta hana kowa shiga takara ba, bayan an ba shi aiki ne take neman lasisin. Kotun ta ce duk kanwar ja ce: ko kafin ko bayan, in jiha na iya tsayar da wanda tarayya ta zaɓa, ta zama mai duba aikin tarayya.

Saboda haka a aikin rufin ginin tsofaffin sojojin nan, in ma'aikatar ce da kanta za ta ba ka kwangilar, hukumar lasisin Kalifoniya ba ta da hurumin tilasta maka. Amma kada ka rufe takardun tukuna. Abin da jiha ba ta iya tilasta maka, jami'in kwangila na tarayya yana iya rubuta shi a cikin sharuɗɗansa, kuma suna rubutawa. Wani lokaci za ka ga an ce mai neman aikin ya haɗo da kwafin lasisinsa na wata jiha, kowace ce. Wani lokaci a ce lallai na jihar da aikin yake. Wani lokaci kuma a taƙaita shi ga masu wutar lantarki, ko masu famfo, ko masu cire asbesto, wani kayan gini mai cutarwa wanda a tsofaffin rufi ba abin mamaki ba ne ka ci karo da shi. In an ambaci lasisi takamaimai da sunansa, ya zama sharaɗin mai aiki, shari'ar Leslie Miller ba za ta cece ka ba, domin ba jiha ce ta nema ba. Ofishin GAO, wanda ke sauraron ƙorafin waɗanda suka faɗi takara, ya daɗe yana bambanta tsakanin sharaɗi na gama-gari irin wancan da na takamaimai. Na gama-gari, ba a hana mutum kwangila saboda shi. Na takamaimai kuwa ana iya ajiye tayinka gefe ko da kai ne mafi arha. Ni dai abin da nake yi da zarar takardu sun zo, kafin ma in kalli zanen gini, sai in binciko kalmar lasisi a cikin fayil ɗin gaba ɗaya, tun daga umarnin masu takara har bayanan kowane fanni na aikin, saboda sau da yawa a can ciki ake ɓoye ta, a shafin da ba wanda ke karantawa sai ranar da rigima ta tashi. In abin bai fito fili ba, ka rubuta wa jami'in tambaya kafin wa'adin tambayoyi ya cika. Amsar da ya bayar a rubuce kan fito a matsayin gyara ga tallar, kowa ya gani. Wadda ya ba ka ta waya ba ta ɗaure kowa ba.

Kuma rashin neman lasisi ba ya nufin ba a auna ka. Sashe na tara na FAR ya ce jami'in ya tabbatar kana da ƙarfin kuɗi, kana iya cika wa'adi, tarihin ayyukanka na da kyau, ba a san ka da rashin gaskiya ba, kana da ma'aikata da kayan aiki da tsarin lissafi. Sai rajistar SAM.gov, wadda kyauta ce, ko da yake za ka sha samun saƙonnin masu cewa ka biya su su yi maka. Tun watan Afrilun 2022 lambar da suke bayarwa a shafin ta maye gurbin tsohuwar lambar shaidar kamfani da ake kira DUNS. Wanda ya taɓa neman kwangilar gwamnatin tarayya a Najeriya, ya sha zirga-zirgar takardun BPP da PenCom da ITF, zai gane tsarin: mai ba da aikin ne ke tantance ka da kansa. Amma matacin da ya fi tsanani ba jami'in ba ne, kamfanin da zai tsaya maka ne. Dokar Miller ta 1935, wadda sunanta kawai ya zo ɗaya da na kamfanin Akansas, ta wajabta lamuni iri biyu a aikin ginin tarayya: na kammala aiki da na biyan ma'aikata da masu kawo kaya. A ƙa'idar FAR, aikin da ya haura dala 150,000 sai da su. Kamfanin lamuni zai tone littattafanka fiye da yadda kowace hukumar lasisi za ta yi, kuma in ya ga ɗan Teksas da bai taɓa aiki a Kalifoniya ba zai je can, tambayarsa ta farko ita ce wa zai tsaya a kan aikin.

Mu koma aiki na biyu, wanda shi ne ya fi ba ni tsoro a tambayarka. Ƙaramar hukuma ce mai aikin. Ita ta fitar da tanda, ita ta sa hannu da babban kamfanin, ita za ta karɓi ginin. Tarayya tallafi kawai ta bayar. Babu wani jami'in tarayya da ya auna cancantar kowa, don haka babu wani zaɓin tarayya da jiha za ta yi wa katsalandan. Dokar lasisin Kalifoniya na aiki a nan ɗari bisa ɗari, a kan babban kamfanin da kuma kanka. Kuɗin tarayya yana jawo wasu ƙa'idoji tare da shi, kamar na albashi da na sayen kayan da aka ƙera a Amurka, amma ba ya ɗauke maka lasisi. Ɗan sassaucin da na sani yana wajen ayyukan manyan hanyoyi masu tallafin tarayya: ƙa'idar hukumar hanyoyi ta tarayya ta hana jiha ta ce sai da lasisi kafin mutum ya miƙa tayi ko a duba tayinsa, amma ta bar mata damar neman sa a lokacin ba da aikin ko bayan haka. Jinkiri ne, ba yafiya ba. Kai kuma rufi kake yi, ba titi ba.

Kalifoniya kuwa ba jihar da ake gwada sa'a da ita ba ce a wannan fanni. Yin kwangila ba lasisi laifi ne da ake gurfanar da mutum a kai, kuma ƙaramin aikin da aka yafe bai kai dala 1,000 ba, wanda ma sai a farkon 2025 aka ɗaga shi daga 500. Abin da ya fi tarar ciwo shi ne sashe na 7031 na dokar sana'o'in jihar. Wanda ba shi da lasisi a kowane lokaci na aikin ba zai iya kai ƙara a biya shi ba, komai kyawun aikin. Fiye da haka, wanda ya ba shi aikin yana iya neman a dawo masa da duk abin da ya riga ya biya, har kuɗin kaya, ko da tun farko ya san mutumin ba shi da lasisi. Ka yi rufi, ka biya ma'aikata, ka biya kwano da kwalta, sannan kotu ta ce ka mayar da kuɗin mutane, rufin kuma ya zauna a inda yake.

Na ga irin wannan da idona, ba a Kalifoniya ba, a wata jihar da ita ma ba ta wasa da lasisi. Kamfanin da nake yi wa lissafin tanda a lokacin ya karɓi gyaran wasu ofisoshi da wata hukumar tarayya ke haya a wani bene. Tutar Amurka a bakin ƙofa, hoton shugaban ƙasa a bango, mai gadi na duba katin kowa, ma'aikatanmu ma sai da aka tantance su kafin a bar su su shiga. Kowa a ofishinmu ya ɗauka aikin tarayya ne. Sai da biyan kuɗi ya tsaya, lauyanmu ya ce a kawo masa kwangilar. Ya buɗe shafin ƙarshe, ya ɗora yatsa a kan sa hannun, ya juyo da takardar wajen maigidanmu bai ce uffan ba. Sunan kamfanin mai benen ne a wurin. Tarayya 'yar haya ce kawai. Sulhu aka yi a ƙarshe, muka karɓi abin da aka ga dama aka ba mu. Gidajen sojoji da kamfanoni masu zaman kansu ke ginawa su kuma kula da su a cikin sansani, su ma ka yi musu irin wannan kallon: shinge na soja ne, amma ka duba wa ke ɗaukar ka aiki.

Akwai matsayi na uku da ba ka tambaya ba, amma shi ne ƙofar da yawancin ƙananan kamfanoni ke shigowa ta ciki: a ce kwangilar ta tarayya ce sosai, wani ne ya ci ta, kai kuma ya yanka maka rufin. Kotuna da dama sun shimfiɗa kariyar har zuwa kan wanda aka yanka wa aiki, ciki har da Kotun Ƙolin Arizona a 1971, bisa hujjar cewa in jiha na iya tsayar da masu yi wa babban ɗan kwangila aiki, ta tsayar da aikin ne gaba ɗaya. A 2014 kuma Kotun Shiyya ta Tara ta duba ƙarar wani kamfani mai suna Technica, wanda ya yi aiki a wani ginin hukumar shige da fice a El Centro, Kalifoniya, ba lasisin jihar, aka ƙi biyan sa. Masu lamunin suka fake da sashe na 7031. Kotun ta ce haƙƙin da dokar Miller ta bayar na tarayya ne, dokar jiha ba ta iya toshe shi. Wannan hukunci na da nauyi, domin ba a iya ɗora wa ginin gwamnatin tarayya jinginar bashin magina kamar yadda ake yi wa ginin ɗan kasuwa. Lamunin nan shi ne kawai madogararka. Yana kuma da wa'adi: in ba da babban ɗan kwangilar ka yi yarjejeniya kai tsaye ba, da wanda ke ƙarƙashinsa ne, sai ka aika wa babban ɗan kwangilar sanarwa a rubuce cikin kwana 90 daga ranar ƙarshe da ka yi aiki, ƙara kuma a shigar da ita cikin shekara ɗaya. Wanda ke ƙasa da wannan matakin ma lamunin bai rufe shi ba.

Amma a aikace, manyan kamfanoni ba sa son su zama abin gwaji a kotu. Yawancinsu suna da takardar yarjejeniya guda da suke ba kowa, kuma a cikinta akwai layin da ke cewa ka tabbatar kana da lasisin jihar. In ka sa hannu a kai alhali ba ka da shi, ka karya alƙawari tun ranar farko, ka kuma ba su sandar da za su doke ka da ita ranar da aka yi saɓani a kan kuɗi. Ko dai a soke layin a rubuce, ko ka yi lasisin.

Sai kuma abubuwan da suka yi kama da shan kwanar da Alƙali Holmes ya ambata, waɗanda kwangilar tarayya ba ta ɗauke maka ba. Kamfaninka na Teksas baƙo ne a Kalifoniya, sai ya yi rajista da ofishin sakataren jihar kafin ya yi harka a can. Haraji na nan: tun 1937 Kotun Ƙoli ta yarda jiha ta karɓi haraji daga ɗan kwangilar tarayya, ta kuma sake jaddada haka a shari'ar Niyu Meziko ta 1982, muddin ba a ware shi aka tsananta masa fiye da sauran ba. Inshorar raunin ma'aikata ita ce za ta ba ka mamaki, domin a Teksas kamfani mai zaman kansa na iya zaɓar kada ya yi ta, a Kalifoniya kuwa wajibi ce, kuma majalisar tarayya da kanta ta ba jihohi damar aiwatar da wannan doka a filayen tarayya. Farashinta ga masu hawa rufi yana da tsada ƙwarai, ka nemi ƙiyasinta kafin ka rubuta tayi, ba bayan ka ci ba. Ga kuma dokar Davis-Bacon ta 1931, wadda ta ce duk aikin ginin tarayya da ya haura dala 2,000 sai a biya ma'aikata albashin da ma'aikatar ƙwadago ta ƙayyade wa wannan yanki, a kuma miƙa takardar albashi duk mako da sa hannunka. Wanda ya yi lissafi da albashin Hiyustan ya je Kalifoniya, ribarsa ta ƙare tun kafin ya kafa tsani. Abin da akasari ba ka buƙata a ginin da tarayya ta mallaka shi ne izinin gini na gari, tunda hukumar da ke da ginin ce ke duba aikinta, sai dai in aikin ya fito ya taɓa titi ko bututun gari.

In shawarata kake so, aikin ma'aikatar tsofaffin sojojin ka karanta takardunsa, in ba su ambaci lasisi takamaimai ba kuma mai lamuninka ya amince, ka shiga. Na ƙaramar hukumar kuwa kada ka ko miƙa farashi sai lasisi na hannunka. In kuma kana ganin Kalifoniya za ta zama kasuwarka ba zuwa ɗaya ba, fara neman lasisin tun yanzu, saboda ba abu ne na mako biyu ba. Na masu rufi shi ne C-39. Za su nemi shaidar shekara huɗu na aikin hannu a matakin ƙwararre ko mai kula da ma'aikata cikin shekara goma da suka wuce, kuma wanda ka yi a Teksas ana lissafa shi in akwai mai shaidarka. Jarrabawa biyu ce, ɗaya ta sana'ar, ɗaya ta doka da kasuwanci. Sai hoton yatsu, da lamunin dala 25,000, da ƙarin wani lamunin in kamfanin naka LLC ne, wato irin wanda bashinsa ba ya bin dukiyar mai shi. Masu rufi kuma sai sun nuna inshorar raunin ma'aikata ko da ba su da ma'aikaci ko ɗaya. Kafin ka sa hannu a ɗaya daga cikin ayyukan biyu, ka biya lauyan gine-gine na can Kalifoniya kuɗin awa ɗaya ko biyu, ka tura masa takardun gaba ɗaya, har da shafin da sunan mai aikin yake.